Tsumman Irin Goggo

Malbaza, cikin watan Azumi, 1972

Zuwa ga taubashiyata Kyauta, a Tajaye.

Gaisuwa mai yawa, da barka da shan ruwa. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da yara da Goggo. Ina labarin maigidanki Na'Allah, yana gida ko ya tafi ci-rani? Mu nan lafiya lau. Maigidana Hayatu yana ta fama da aikinsa a kamfanin siminti, kullum ya dawo mini fari fat har gashin ido. Labo ya shiga lakwal, makarantar boko, Maikano ya fidda haƙora yana cizon duk wanda ya ɗauke shi. Babbar ma tana nan lafiya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An sake mana gida, wannan kuwa yana da ɗan fili a baya, ga famfon unguwa a gindin katangarmu, ruwan da mata ke zubarwa ta wurin yake bi. Na ga asara ce, sai na kewaye wurin da kara na yi garka. Kada ki yi dariya, ni ma jinin manoma ce, ko da a Konni na girma.

Tumatur nake so in shuka, amma ba irin na kasuwar nan ba. Manya ne, jajaye, gwanin kyau a faifai, in kin yanka kuwa ruwa ne zalla. Sai ki zuba rabin ƙwarya a tukunya, ki yi ta ƙara daddawa, ki ɗanɗana ki ji shiru. Ni ƙananan nan nake marmari, irin na Goggo, waɗanda ba su wuce kan babban yatsa ba, masu ɗan tsami, masu ƙanshin nan da ke bin hannu ko an wanke. Rabona da su tun zuwana gida wankan Maikano, kuma har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke, Allah ya sa ban karya azumina ba.

Kin san tsumman da take ajiye iri. Nunan fari take ɗaura wa zare don kada kowa ya taɓa, in ya nuna luguf ta matse shi a kan tsumma, ta shanya, ta soke a rufin madafa inda hayaƙi ke bugunsa har lokacin shuka ya zagayo. Ɗan yanki nake so daga ciki, ko bai kai tafin hannu ba. Ki karanta mata takardar nan, ki ce ɗiyarta ke roƙo. Na san ba za ta amsa ba, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Amma yanka tsumma ai ba ya bukatar magana. Ki ba Alkasum mai kamiyo, babbar motar kayan nan, ran kasuwar Illela, shi ne zai miƙo miki wannan.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki, Shatu.

*

Tajaye, bayan ƙaramar sallah

Zuwa ga baiwata Shatu, matar ma'aikaci, mai ruwan famfo.

Na ga kin manta da matsayinki, har da wani "taki". Ni ɗiyar namiji ce, ke ɗiyar mace, ko a gidan siminti kike kwana baiwata ce ke. Kuma kada ki raina rubutuna. A karatun manya na koya, a gindin iccen bedi, ba a lakwal ɗin Konni ba, amma ai kina ganewa.

Muna lafiya, sai dai shekarar ba ta yi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, waken ma ganye muka kwaso. Na'Allah bai jira sallah ba ya kama hanyar Ikko. Goggo tana nan da ƙarfinta, idon ne dai ya yi rauni.

Na zaunar da ita na karanta mata takardarki tun daga gaisuwa. Ta yi dariyar cizon Maikano, ta sa na maimaita wurin. Da na kai inda kika ce ɗiyarta ke roƙo, sai ta miƙe ta ce akuya ta kwance, ta fita. Akuya kuwa tana ɗaure a turkenta tana tuƙa.

Maganar tsumma, ashe ba ki da labari. Tun bara yake hannuna. Ran da muka gama fidda iri ta kira ni madafa, ta zaro shi da kanta ta ce, "Amshi, ke ka riƙon shi yanzu. Wurin uwata nis samai, ke kuwa hannunki na da albarka." A gaban matan gida ta faɗa, ba a ɓoye ba. Duk da haka na tambaye ta ko in yankar miki, ta ce, "Abin hannunki na, mi kika tambaya ta?"

To, takardarki a makare ta zo. Na riga na jiƙa tsumman, na yafa irin a wurin reno, ya fito tsaf, kore shar, jibi-jibin nan zan yi dashe a bayan ɗakin Goggo. Ko ƙwara ɗaya ba ta rage ba. In Allah ya kai mu nuna, na yanka na shanya miki kauɗa, busasshen ma ai yana miya.

Ni dai mamaki nake. Ke da kasuwa ke bakin ƙofarki, ruwa na zuba ba guga ba igiya, me za ki yi da tumatur ɗin ƙauye? Ki bar mana ɗan abin da muke da shi mana.

Uwargijiyarki, Kyauta.

*

Malbaza, tsakanin salloli

Kyauta,

Ina gaisuwa. Allah ya kyauta shekara, ya dawo da Na'Allah lafiya. Mu ma lafiya, Labo ya yi ɗan zazzaɓi ya warke.

Takardarki ta zo, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ba zan ɓoye miki ba, kishi ya kama ni har na kasa cin tuwo. Wai in bar muku ɗan abin da kuke da shi. Me ban bar miki ba? Ana yaye ni aka ɗauke ni aka kai Konni wurin kakata, aka ɗauko ki daga gidan kawu aka ɗora a bayan uwata. Ke kika sha furar hannunta, ke ta yi wa kitso, ke ta raka ɗakin miji tana kuka. Ran nawa bikin, ɗaki ta shige ta ja ƙyaure. Har sunan da nake kiranta da shi naki ne na ara. Ke goggonki ce, ni uwata ce, amma tun da na buɗe baki Goggo na ji ana cewa, Goggo nake cewa. Na san kunyar 'yar fari al'ada ce, ba a kaina aka fara ba. Amma ban taɓa jin inda al'ada ta hana tsumma ba.

Kauɗarki ki riƙe, na gode. Na nemo nawa irin, kuma ba da ka na zaɓa ba.

Na bi Hayatu Dogarawa ran kasuwa, na sa masu garka suka yi ta ba ni ina ɗanɗanawa, har wani tsoho ya tambayi Hayatu ko ciki gare ni. Akwai wani dogo-dogo mai siffar dabino, fatarsa kauri, ba ya lalacewa a hanya, masu kauɗa shi suke so. Na tauna na ji kamar ina tauna fata, na bar shi. Akwai wani ja mai zagaye da aka ce daga wajen Sakkwato aka kawo irinsa, yana 'ya'ya kamar hauka, amma tsaminsa sai ya kashe miki haƙori, miyar kuka kaɗai zai yi wa rana. Shi na ɗan saya don gefen garka.

Na uku ba a kasuwa na same shi ba. Wani Anasara ne a kamfaninsu Hayatu, mai ba shi ruwa a garka mutumin Bazaga ne, shi ya ɗebo mini a hula. Ƙanana ne ƙwarai, ruwan ɗorawa, a zangarniya suke fitowa. Fatar ba kauri, kina sa haƙori ya fashe, zaƙi ya fara zuwa, ɗan tsami ya biyo baya. Aibinsa ɗaya, ba ya son a yi masa ambaliya bayan ya sha ƙishi, sai ya tsattsage. Kaɗan-kaɗan yake son ruwa, amma kullum. Shi na zaɓa.

Ga gwangwani nan Alkasum zai ba ki, na jera nunannu a ciki da audiga. Ƙyallen da ke sama daga zanena na yaga, iri ne na matse a kai yadda take yi. Ki ba ta nunannun ta ci. Ki shuka irin kusa da naki, in sun nuna ki ajiye mata duka biyu, ki rubuto mini wanda ta zaɓa. Gaskiya nake so, Kyauta, ba wasan taubasai ba.

Shatu.

*

Tajaye, bayan sallar layya

Baiwata Shatu,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Bana akuya muka yanka, ita ma ƙashi ne da fata. Na'Allah ya aiko da gaisuwa ta bakin wani, yana lafiya. Goggo lafiya, yara lafiya. Rijiyarmu ta fara ja da baya, sai an ƙara igiya.

Kin ce gaskiya kike so, to ga ta. Gwangwaninki ya zo ana cikin daka, matan gida duk suna tsakar gida. Na buɗe na ajiye a gabanta na ce daga Malbaza. Ta kai ɗaya kusa da ido, ta jujjuya, ta ce, "Wanga tumatur na ko kanya? Halan ciwon shawara gare shi." Mata suka kwashe da dariya. Ta mayar ta rufe, ba ta kai baki ba. Ni na ci ɗaya. Ba laifi, yara za su so shi, amma miyar da aka yi da wannan ai sai a ce mai jego aka dafa wa. Washegari na nemi gwangwanin na rasa, wataƙila yaran maƙwabta ne.

Irin kuwa na shuka, kada ki ce na ci amana. Sai dai fangalina duk sun cika, wurin da ya rage shi ne gindin katanga ta yamma, inda ƙasar ke da tsakuwa. Kaɗan suka fito, kaji suka rage, saura ɗaya. Yana nan tsaye siriri, ganyensa ƙanana, da ganinsa ka ga ɗan birni.

Nawa kuwa, tubarkalla. Nunan fari na ɗaura musu zare da hannuna, na matse a tsumma na soke a madafa. Na biyu suka faɗo daidai da sallah, na yi miya da naman layya. Goggo ta side kwano, ta ce a gaban kowa, "Wanga shi at tumatur. In dai Kyauta na raye, ba ni cin lami." Na so a ce kina nan ki ji da kunnenki.

Maganar kitso da fura da kika jero, ban ce ƙarya kika yi ba. Amma ki haɗa da wankin kayanta, da jiƙa mata magani, da cire mata ƙaya, don su ma ni ce. Ke kina can kina murɗa famfo.

Kyauta.

*

Malbaza, ƙarshen watan layya

Kyauta,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Gindin katanga, cikin tsakuwa. Na gode, Allah ya saka. Da kin zuba wa kajin tun daga gwangwani ai da kin huta.

Wai ciwon shawara kuma. Abin da na yi yawo na zaɓo mata, na jera da audiga kamar ƙwai, shi ne abin dariyar matan gida. Na yi kuka, na gaya miki don ki ƙara jin daɗi.

Yanzu ga labari. Hayatu ya samu aiki a Arlit, can bayan Agadas, wurin haƙar ma'adini. Kafin faɗuwar damina za mu tashi. Waɗanda suka je sun ce tafiya ce ta kwana da kwanaki cikin rairayi, ba wurin da ake zuwa sallah a koma ba ne. Allah kaɗai ya san shekarar da zan sake ganin Tajaye, ita kuma ba yarinya ba ce.

Hayatu ya ce in shirya in je sallama. Na ce ba inda za ni. Na gaji da zuwa gidan da in na shiga ta ƙofa uwata ke tuna akuya. Na rantse, Kyauta, wallahi ƙafata ba za ta taka Tajaye ba sai ta ci tumatur ɗin nan nawa, ta faɗa da bakinta ko ya yi ko bai yi ba. Ko "bai yi ba" ta ce, na karɓa, in dai ni aka aiko wa. Ki karanta mata wannan duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Nawa na nan sun yi zangarniya har suna taɓa ƙasa, matan unguwa sai roƙo suke. Ina tsinka ina ba su, ni ko sha'awar ci ba na yi.

Shatu.

*

Malbaza, farkon bazara

Kyauta,

Ina fatan lafiya, tun da ba mai gaya mini.

Cika-ciki ya wuce, wata ya sake kamawa, shiru. Duk ran kasuwar Illela sai na fita bakin hanya, ban ga Alkasum ba, ban ga takarda ba. Na gane. Ko dai ba ki karanta mata ba, kin ninke kin sa a ƙarƙashin tabarma, ko kuwa kin karanta ta ce a bar ni in tafi, ke kuma daɗi ya hana ki riƙe alƙalami. Duk wanda ya kasance, kin samu abin da kike so. Tsumma naki, yabo naki, uwar ma taki.

Mun fara ɗaure kaya. Garkar zan bar wa maƙwabciyata. Wannan takarda wani mai raƙumi na ba, in ta iso ta iso.

Shatu.

*

Tajaye, watan Mauludi, 1973

Shatu,

Muna raye, shi ne gaisuwar bana. Goggo lafiya, yara sun rame amma suna tsaye.

Takardunki biyu sun zo, ta farkon na karanta mata duka, har rantsuwar. Ba ta tuna akuya ba wannan karon, don akuyar mun ci ta. Ta zauna tana murza bakin zanenta har na gama, sannan ta ce in duba ko la'asar ta yi. Ban ba ki amsa ba don Alkasum ya bar hanyarmu, hatsi yake ɗauka wani wuri, kuma ko da yana nan ba ni da hannun rubutu. Rijiyarmu ta ƙafe, laka ake kwasowa. Can fadama muke zuwa, in na fita da asuba sai hantsi ya yi zafi nake dawowa da tulu. Wuyana har ya yi kanta. Daɗin da ya hana ni riƙe alƙalami ke nan.

Ruwan da na kawo, a sha, a dafa, sai buta ɗaya da nake cika wa Goggo don alwala. Garka ba ta cikin rabo. Ina ji ina gani fangalina suka yi yaushi, suka bushe, irin uwar Goggo da kakarta, tana wuce su safe da yamma ko waiwaye ba ta yi. Na ce to, shekara ce.

Ran nan na dawo da azahar ta bayan gida, sai na ga kore a gindin katangar yamma. Na ɗauka idona ne. Na matsa. Ɗan birninki ne tsaye, an kafa masa kara, an jingina masa tsohuwar tabarma don rana, ƙasar gindinsa a jiƙe. Ga dutsen da Goggo ke zama a kai ta yi alwala, wanda tun ina yarinya yake ƙofar ɗakinta, an mirgino shi har nan. Tsohuwa mai ciwon baya ita kaɗai ta mirgino shi. A kansa take alwala, Shatu. Duk sallah, ruwan fuskarta da na hannunta a gindinsa yake sauka. Kaɗan-kaɗan amma kullum, yadda kika rubuta, ashe tana ji.

Na tsaya har ta fito da buta. Na ce, "Goggo, mi yas sa kinka maido dutsi nan?"

Ta ce, "Can rana ta yi yawa."

Na ce, "Nan yamma ta, rana ta hi yawa. Nawa sun mutu kina kallo."

Ta ce, "Naki kin hidda iri. Wanga bai kai ba."

Na ce, "To na wa ne shi? Hwaɗi sunan mai shi in ji."

Ta dube ni, ta ce, "Ke dai kin cika magana," ta zauna ta fara wanke hannu.

Yanzu ya yi zangarniya. Ta farkon ta ɗaura mata zare, da idon nan nata da ba ya ganin ramin allura. Jiya ina share mata ɗaki na ga gwangwaninki a bayan tukunyar kayanta, ashe ba yaran maƙwabta ba ne. Babu tumatur ko ɗaya a ciki, sai ƙyallen zanenki da na jefar bayan na wanke irin, an wanke shi an ninke yana jiran sabon iri.

Kin ce kishi ya hana ki cin tuwo. To ni yau nawa ya fi naki, kuma ba ni da wanda zan rubuta wa sai ke. Ni ke tafiya fadama, ni ke ɗauko ruwan a kaina, tumatur ɗinki ke sha. Ni ake yabo a tsakar gida don ni ba a jin kunyata. Da ana musanya, wallahi da na ba ki yabon da tsumman, ki ba ni dutsen.

Bakinta ba zai faɗa ba, ko za ki shekara kina rantsuwa. Kuma kafin ki ƙara ganin laifinta, ɗauko takardunki ki duba. Labo ya yi zazzaɓi, Maikano ya yi haƙori. Ina Rabi, 'yar farinki? Ko sau ɗaya kin taɓa rubuta sunanta? "Babbar ma tana nan lafiya." Wata rana ita ma za ta samu taubashiyar da za ta rubuta wa.

Ki yi kaffara ki zo. Na raba tsumman biyu, rabi naki ne, amma ba zan ba kowa ya kai miki ba. In kina so, ƙafarki ta zo ta ɗauka.

Kyauta.

*

Malbaza, ƙarshen watan Mauludi

Zuwa ga Kyauta,

Gaisuwa, da sannu da wahala. Sannu, sannu. Ban san haka abin ya kai ba, ki yafe mini maganar tabarma.

Na fara azumin kaffara. Hayatu ya samo Alkasum a Konni, ya yarda zai bi da mu ran kasuwa mai zuwa. Akwai buhun dawa, akwai kuma tano biyu, manyan gangunan ƙarfe, da zan cika a famfon nan da kike yi mini gori. Ruwan naki ne, ba na tumatur ba. Ki sauke gammo ki huta, in ya ƙare ni zan bi mata fadama, wuyana ma ya san tulu.

Wannan kada ki karanta mata. Ki ce dai baƙi za su zo. Ba zan tambaye ta komai ba, ba zan dubi katangar yamma ba in tana wurin. In ta tashi duba akuya, ki bar ta ta tafi.

Rabin tsumman zan karɓa da hannu biyu. An ce ƙasar Arlit ba ta fidda komai, amma ai ko'ina ana alwala.

Zan zo da Labo da Maikano. Na daɗe a nan riƙe da alƙalami, Kyauta, har tawada ta bushe. Babbar, ita ma za ta zo.

Baiwarki, Shatu.